Ƙwaryar da Yaya Dije Ba Ta Buɗe Ba

Bana shekara hamsin da takwas ke nan da rasuwar yayata Dije. Ba a takarda na ƙirga su ba, don ni ban yi boko ba, allon ma ban wuce ƙananan surori ba. Da damina nake ƙirgawa, kuma damina ba ta taɓa ruɗa ni ba. Ta rasu da bazara, saura shekara guda a fara yaƙin basasa, a cikin wata bukkar kara a bayan garin Barkiya. Ciwon agana ne ya ɗauke ta. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar ɗiya ba, ko hoto ba ta bari ba. Duk wanda ya san fuskarta ya bi ta, sai ni kaɗai. Shi ya sa na ce wa ɗiyata Rabi, wadda ta yi ta koyarwa har ta ajiye aiki, ta ɗauko biro ta zauna. Ni ke faɗa, ita ke rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana.

Masu karanta wannan shafi ba su san ni ba, amma a Dutsin-Ma in ka ce Larai mai tatsuniya ba za a tambaye ka wace Larai ba. Yaran jami'a na zuwa har tsakar gidana, su tsuguna, su ajiye waya kusa da bakina, in yi ta zubawa su yi ta ɗauka. Ban taɓa maimaita musu guda ba sai in su suka roƙa. Bara wata daga cikinsu, mai gilashi, ta ce tana bincike a kan dare a cikin labaran Hausa, ta karanto mini wurare daga littattafanta. Na saurara da kyau. A littattafan nan mai fita da dare ko ɓarawo ne ko mai zuwa zance, sai a yi ta yabon farin wata kamar ba a taɓa tafiya a duhu ba. A tsofaffin tatsuniyoyinmu kuma dare na dodo ne, an shirya su ne don yaro ya ji tsoron ƙofar gida. Na ce mata, "'Yar nan, waɗanda suka rubuta waɗannan a zaune suka rubuta su. Ba wanda ya taɓa ɗora kaya a ka ya kwana yana tafiya." Ta ce to in ba ta labari guda wanda dare ya zama wurin hutawar zuciya a cikinsa. Na ce akwai, amma ba shi da ƙarshe. Ta tambayi dalili, na ce ta sha ruwa ta tafi, la'asar ta yi. Amsar da na hana ta ita zan bayar yau.

Ina 'yar shekara takwas agana ta kama ni, lokacin Turawa suna nan. Yaran yanzu ba su san agana ba, Allah ya raba su da saninta. Ƙuraje ne ke feso wa mutum tun daga tsakar ka har tafin ƙafa, har cikin baki, har cikin ido. Wanda ta kama ba a barinsa cikin mutane. A kafa masa bukka a bayan gari, ɓangaren da iska ba ta kaɗowa gida, kuma ba mai matsawa kusa sai wanda ya taɓa yi ya tashi, don ba ta kama mutum sau biyu. Kakarmu ce ta yi jinyata, ita ta taɓa yi. Yaya Dije ba ta taɓa yi ba, aka hana ta zuwa. Ta girme ni da shekara goma sha biyu, ita ta goya ni bayan rasuwar innarmu, kuma a lokacin ba ta daɗe da gama takabar mijinta ta dawo gidan babanmu ba.

Hanin bai yi aiki ba. In gari ya yi shiru sai ta zagayo ta bayan gonaki, ta tsaya can gindin wata ɗorawa, nesa da bukkar kamar jifa biyu, ta ɗaga murya. A nan ta fara mini labarin ƙwarya. Wata mata ce aka ba ta ƙwarya rufe da faifai, aka ce ta kai wa uwarta a wani gari mai nisa. Aka gindaya mata sharaɗi biyu: kada ta yi tafiya sai da dare, kuma kada ta ɗaga faifan sai ta isa. Daren farko ta gamu da kura. Kurar ba ta cinye ta ba. Cewa ta yi kaɗaici ya dame ta, ta raka matar har bakin rafi tana ba ta labarin 'ya'yanta da suka watse.

Ina kwance, bakina duk ƙuraje, na tattaro ƙarfi na ce, "Yaya, mi ke cikin ƙwaryar?"

Ta ce, "Ke dai mutu ki gani in za ki ji. Wadda ta tashi ita ake buɗe wa."

Kakarmu daga ciki ta ce, "Ja'ira, koma gida kafin ubanki ya farka ya same ki nan."

Kwana goma sha tara tana zuwa, kowane dare matar ta ƙara zango guda. Akwai daren da zazzaɓi ya sa na ga kamar ina sulalewa cikin rijiya, abin da na riƙe shi ne ban ji mene ne a ƙarƙashin faifan nan ba. Na tashi. Na tashi da fuskar da nake da ita har yau, duk zanzana, kamar ɗanyen bango da ruwan sama ya doka. Ranar da aka maido ni gida na ce ta buɗe mini. Ta ce matar ba ta isa ba tukuna.

Sana'ar Yaya daddawa ce. Ta dafa kalwa, ta wanke, ta rufe ta har ta yi wari, ta daka, ta shanya. Duk ranar kasuwar Dutsin-Ma muke kaiwa, ita da babban kaya, ni da ƙarami. Tun tsakar dare muke tashi daga Barkiya, don mu riga zafin rana, mu kuma sami gindin inuwa. Masu jakai da hatsi suna gaba, mu muna baya nesa kaɗan, don sun ce warin kayanmu yana sa jakansu atishawa. Yaya takan ce musu, "Warin nan ne ke sa ku suɗe kwano har ku manta da bisimillar tashi."

Ina so masu karatu su gane abin da hanyar nan ta zame mini. Da rana ni abin kallo ce. Yara su bi ni da waƙar zanzana. Mata masu sayen daddawa su dubi fuskata su ce, "Allah sarki," wanda ya fi zagi ciwo. Na koyi jan zane in rufe rabin fuska, har a cikin gida. Amma da mun fita daga gari duhu ya rufe mu, sai Yaya ta ce, "Sauke zanen nan, Larai. Nan ba mai ganinki sai Wanda ya yi ki, Shi kuwa ya riga ya gani." In sauke, iska ta taɓa mini kumatu. Ƙasa ta huce, tana da sanyi a tafin ƙafa. Gyare na kuka, can nesa karnukan ruga na haushi, a gaba ƙafafun jakai na ƙwas ƙwas. Ba a aikenka, ba a kallonka, ba a jin tausayinka. Duk rayuwata ban san wani wuri da na zama cikakkiyar mutum kamar tsakanin Barkiya da Dutsin-Ma a cikin duhu ba.

A tsakiyar hanyar akwai rafi mai ƙafewa da rani, sai farin yashi. Nan muke sauke kaya. Yaya ta tona yashin da hannu har ruwa ya tsatso, mu jira ya kwanta, mu sha da ludayi. Sannan ta miƙe ƙafa ta ƙara wa matar ƙwarya zango. Ba kowane mako ba, sai ta ga dama. Matar ta gamu da maƙerin da ke ƙira da dare don kada a ga yana kuka. Ta gamu da tsohuwar da ke tufka igiya za ta ɗaure wata kada ya faɗi ya bar ta ita kaɗai. Ta gamu da makaho mai gadin rijiya, wanda ya san kowa da ƙarar gugansa. Sai da na girma na lura da abu guda: a labarin Yaya ba abin dare da ya taɓa cutar matar nan. Duk masu son ɗaga faifan da ƙarfi mutanen rana ne, a garuruwan da take laɓewa ta yi barci.

Na yi ta canka. Na ce gishiri ne, ta ce a'a. Na ce zinariya, ta ce, "Wa ya ba matalauciya zinariya ta kai wa uwatta?" Na ce nono, ta ce, "Da ya yi tsami tun daren kura."

Abu guda Yaya ba ta wasa da shi. Da gamzaki ya fito, tauraron nan na asuba, sai ta datse labari ko a tsakiyar magana take. Haka muka taras: ba a tatsuniya da rana. An ce mai yi da mai saurare duk sai sun ɓata a daji. Sau ɗaya na roƙe ta a kasuwa, ciniki ya tsaya muna zaune, na ce ta ɗan ci gaba a hankali ba mai ji. Rankwashin da ta yi mini sai da na ga wuta. Ta ce, "Muna da hanya a gabanmu, kina so mu kwana muna zagaye kuka guda?" Daga ranar abin ya zauna mini a rai daram, kamar ƙa'idar alwala.

Shekara bakwai muna bin hanyar nan. Daga nan wani mai sayen hatsi a Dutsin-Ma ya gan ni a kasuwa, da rana tsaka, da fuskar nan, ya ce yana so. Ni ma na so shi, ba zan ɓoye ba. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma gidansu gidan kulle ne. In za a je unguwa sai bayan isha'i, cikin gari, da rakiya, a gaisa a dawo. Yaya takan biyo ranar kasuwa ta ajiye mini daddawa, amma da rana take zuwa, kafin la'asar ta ɗora gammo. In na ce ta kwana, ta ce kalwa na jiranta. 'Yan lokutan da ta kwana wasu tatsuniyoyin ta yi wa yaran gida. Na ƙwarya kuwa ta ce na hanya ne, ba ya zama a ɗaki.

Ba zan wanke ta tas ba don ta mutu. Yaya tana da taurin kai. Masu yi wa mutane lamba a hannu don rigakafin agana sun zo Barkiya a shekarun nan, ta shige rumbu ta ɓuya, kamar yadda rabin gari suka yi. Ta ce ba mai tsaga mata hannu tana zaune lafiya. Da na ji na yi dariya. Ni ma a lokacin ban san abin kuka ba ne.

Wata ranar kasuwa da bazara Yaya ba ta zo ba. Mako ya zagayo, wani mai jaki daga garinmu ya yi sallama da mai gidana a zaure. Ya ce Dije kwananta tara a bukka, idanunta sun rufe, sunana take kira. Malam, mai gidan nawa, ya shigo ya faɗa mini, yana tsaye, bai zauna ba. Ya ce, "Ke kin yi, na sani. Rabi fa? Ƙanenta fa? A zanenki za ki ɗauko musu."

Na ce, "Malam, in na dawo ka ƙone zanen, ka ajiye ni bayan gari kwana arba'in in ka so. Amma zan tafi."

Ya juya ya fita. Bayan isha'i ya miƙo mini sandarsa, ya raka ni har ƙarshen gidaje, ya tsaya. Shi bai taɓa yin ciwon ba, kuma ba wanda zai yarda ya bi ni inda zan je. Ya ce in karɓi fitila, na ce ban taɓa bin hanyar nan da fitila ba. Na yi lissafi a raina: in na miƙe, zan isa kafin zakaran farko.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Rabi da ke rubutun nan. Yayata na can tana mutuwa, amma da na wuce gonakin bakin gari na ji duhu ya rufe ni, sai zuciyata ta yi fari. Shekara bakwai rabona da hanyar nan. Na sauke lulluɓi. Babu wata a daren, taurari ne kawai, ƙafata ta tuna kowane kwana da kowane dutse ba tare da na tambaye ta ba. Babu kaya a kaina, babu goyo a bayana, babu mai kiran sunana. Na kama kaina ina ba kaina labarin maƙeri da ƙarfi, ina kwaikwayon muryar Yaya, har ina dariya a wuraren da muke dariya. Na san inda zan je, ban manta ba. Amma daɗin ya shige ni duk da haka, kamar yadda sanyin randa ke shigar mai azumi ko da a gidan makoki ne.

Da na iso rafi na ce bari in sha ruwa. Na tona yashi har gwiwar hannu, na jira ya kwanta, na sha da tafi. Yashin yana da sanyi da laushi. Na ce bari in miƙe ƙafa kaɗan, ƙafar da ta saba da tsakar gida ta fara zugi. Na kishingiɗa a daidai wurin da muke sauke kaya. Da na buɗe ido gamzaki yana sama, gabas ta fara ja.

Na yi gudu, na yi tafiya, na sake gudu. Da hantsi na isa.

A gindin ɗorawar nan dai aka kafa bukkar, ko kusa da ita. Wata tsohuwa mai zanzana irin tawa ce ke jinyar. Ta tare ni a waje ta ce, "Jiya ba ta runtsa ba. Tun tsakar dare take cewa in yi shiru, tana jin takunki."

Ba zan kwatanta yadda na same ta ba. Wanda ya san agana ya sani, wanda bai sani ba ya gode wa Allah. Muryarta ce kawai ta rage tata.

Ta ce, "Larai ce?"

Na ce, "Ni ce, Yaya."

"Kin yi nauyin ƙafa. Kulle ya lalata ki. Kin tsaya rafi ko?"

"Na tsaya."

"Da ruwa?"

"Da ruwa, sai an tona har gwiwar hannu."

Ta ja numfashi. Can ta ce, "Matso nan. Matar nan ta isa garinsu. Yau zan buɗe miki ƙwarya." Ta juyo da fuska wajena, idanun nan a rufe ruf, ta ce, "Dare ne ai, ko?"

Rana ta ratso tsakanin karan bukkar, ta zana mata layi-layi a jiki. Ita ba ta gani. Kalma guda ake nema a bakina.

Na ce, "Yaya, hantsi ne."

Ta ce, "Wa ya gani?"

"Ni na gani."

"To rufe idonki mu zama ɗaya."

Na ce, "Ke kika koya mini, har da rankwashi. Ba a yi da rana. Ki bari magariba ta yi. Ke kika ce wadda ta tashi ake buɗe wa. Ni kuma na ce wadda ta kai dare ita ke buɗewa."

Ta yi wata ƙaramar dariya da ta zame mata tari. Ta ce, "Kin rama, 'yar nema. To, Allah ya kai mu."

Shekara da shekaru na gaya wa kaina dabara na yi. Ƙwaryar nan ta riƙe ni kwana goma sha tara ina yarinya, na ce za ta riƙe Yaya wuni guda, in ya so gobe in sake nemo wani dalilin. Na ji a jikina in ta buɗe ba abin da ya rage mata a duniya. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Na ji tsoro. Ina da hanyar komawa ta cikin daji, ina da 'ya'ya biyu a ƙarshenta, ga shi tun ina ƙarama an dasa mini cewa mai sauraren tatsuniya da rana ba ya isa gida. Akwai kuma girman kai, wanda har yau bai bar ni ba. Na so ta ga na riƙe ƙa'idar fiye da wadda ta koya mini.

Na wuni ina ɗiga mata ruwa a baki da auduga, ina kore ƙudaje, ina leƙa inuwar ɗorawa. Ban taɓa ganin rana mai nawa irin ta ranar ba. Bayan azahar maganarta ta fara sarƙewa. Na tsorata, na sunkuya na ce, "Yaya, dare ya yi, buɗe." Ƙaryar da na ƙi yi da hantsi na yi ta sau uku kafin la'asar. Ba ta ƙara jina ba. Tsohuwar nan ta matso ta yi ta maimaita mata kalmar shahada, leɓɓanta suna motsi. Inuwar ba ta kai bakin bukka ba Yaya ta cika.

Mu biyu muka yi mata wanka. Maza suka yi salla daga nesa, waɗanda suka taɓa yin ciwon suka sa ta a rami. Da magariba, daidai lokacin da na yanka mata, ina tsaye ina kallon bukkar tana ci da wuta, don haka ake yi. Na yi kwana ashirin a gidan babanmu, aka ƙone zannuwana, na koma Dutsin-Ma a bayan motar kasuwa, da rana. Ban sake taka hanyar nan da dare ba.

Bayan shekaru wani malami da ke yi wa mata karatu a unguwarmu ya ce maganar ɓata a daji ba ta da tushe, dabarar manya ce don yara su yi aiki da rana. Matan suka yi dariya. Ni na tashi na shiga ɗaki.

Nakan tambayi kaina, da Yaya za ta ɗago kai yau, me za ta ce? Agana ta tafi, ba ta dawo ba, lambar da ta guje wa a rumbu ita ta kore ta. Wannan zai ba ta kunya, ko da yake ba za ta amsa ba. Tafiyar da muke raba dare muna yi, yanzu yaro a kan babur yana yinta kafin tuwo ya nuna. Daddawa ma an maye ta da ɗan dunƙule a takarda, wannan kam sai ta tofa. Amma abin da ba za ta gane ba shi ne yadda aka ƙwace mana dare. Yau da magariba ta yi kowa ya ja ƙofa ya sa sakata. Hanyar da yarinya da bazawara suke bi da sanda ko babu, yanzu namiji mai gemu ba ya binta bayan la'asar. Shekarun nan mata daga ƙauyukanmu sun sha kwana a tsakar gidan nan, sun taho cikin duhu da goyo da ƙafa a fashe, suna gudun 'yan bindiga. Na tambayi ɗaya ko sun tsaya a rafi. Ta dube ni kamar na zautu. Ta ce a rafin ne suka toshe wa jariri baki da zane don kada ya yi kuka. Tafiyar dare ta dawo, amma gudu ce. Yaya ta kwashe shekaru tana gaya mini ba abin tsoro a duhu, kura ma abokiyar hira ce. Ban san da wane baki zan gaya mata cewa kurar ba ta canza ba, mutane ne suka shiga dajin.

Saboda haka ni, Larai, da na hana mai mutuwa magana don rana na sama, yau da rana tsaka nake tatsuniya. Jikoki da 'ya'yan maƙwabta sai sun taso daga makaranta suke zuwa, kafin magariba an kwashe su. Yaran jami'a da hantsi suke sallama. Ba wanda ya ɓata a cikinsu. Duk lokacin da na buɗe baki na ga inuwata a ƙasa, sai na tuna.

Labarin ƙwarya ma ina ba su. Zango arba'in da ɗaya na riƙe, ban yar da ko ɗaya ba, kuma da muryarta nake bayarwa. In matar ta iso ƙofar garinsu sai in tsaya. Yara su yi ta ihu in faɗa musu abin da ke ciki. Ni da zan iya ƙera ƙarshe goma kafin ruwa ya tafasa, na gwada a raina ba adadi, ba wanda ya zauna. Rabi ta taɓa cewa wataƙila ba komai a ciki, wataƙila Yaya ma ba ta sani ba, jan rai ne kawai don in rayu. Na ce mata Yaya ba ta yaudara. Ta ce matar ta isa, ta ce za ta buɗe. Akwai abu a ciki, kuma nawa ne, ni na ce a dakata.

Abin da ya rage na Dije a duniya ke nan. Kabarinta ya baje, an nome wurin, ɗorawar an sare ta. Sai mata guda a bakin yaran Dutsin-Ma, tsaye a ƙofar gari da ƙwarya a ka, shekara hamsin da takwas ba ta sauke ba. Wasu yaran sun girma sun ba nasu 'ya'yan, su ma a nan suke tsayawa. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ta isa inda ta nufa, ya yafe mini barcin da na yi a kan yashi. Wanda ya karanta ya sa ta a addu'a.

Ni ma yanzu yanar ido ta rufe mini ido ɗaya, ɗayan yana bin sa. Hantsi da la'asar sun fara zame mini abu guda. Rabi, kada ki ajiye biron, rubuta wannan ma, don in kin manta a sami mai tuna miki. Ranar da na kwanta, in kika ji na ce ki matso zan gaya miki wani abu, na tambaye ki ko dare ya yi, kada ki leƙa waje. Ki ce ya yi.